Hular da Ta Sa Aka Kulle Nomau

Tun da na dawo daga ƙasar Yarbawa bakina bai huta ba. Gidan biki a tare ni, gidan suna a tare ni, har a bakin rijiya sai wata ta ajiye guga ta ce, "Rabi, wai da gaske kin shiga gidan mahaukata kin fito da ƙafafunki?" Na ba da labarin nan har ya fara sauya kama a bakin mutane, don kwanan baya na ji wata tana cewa wai dambe na yi da likita. To ga yadda aka yi, kowa ya ji daga bakina in samu in huta.

Ni Bagobira ce ta Shinkafi, aure ya kawo ni Zurmi. Ƙanena Nomau shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Sana'arsa rakiyar shanu. A loda su a babbar mota ranar kasuwar Shinkafi, shi kuma ya hau can sama bisa katako yana tsaron kada wata ta kwanta a tattake ta, har a kai kurmi. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ya tafi bai dawo ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, shiru. Rannan sai ga wani direba ɗan Ƙaura ya yi sallama da Malam, maigidana. Ina bayan zana ina jin su. Ya ce zazzaɓi mai zafi ne ya kama Nomau a kasuwar shanu ta can, ya taɓa masa kai, ya ɗauki sanda ya hau mutane da duka. 'Yan sanda suka kai shi kotu, kotu ta tura shi asibitin masu taɓin hankali, irin mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe.

"Kuma ku yi hanzari, Malam," in ji direban. "An ce ko can ciki bai bar hwaɗa ba, sun kulle shi ɗaki shi ɗai. In ba su ga nashi ba, gidan yari za su maishe shi, wajen mahaukatan da ba a sake tambaya tasu."

Kafin Malam ya shigo ya gama neman yadda zai gaya mini, na riga na sauko da akwati. Ya ce tafiyar maza ce. Na ce to ya tafi da tasa tafiyar, ni ma ga tawa, mu haɗu a tasha. Malam mutum ne mai haƙuri, malamin firamare ne, ya saba da masu taurin kai. Ya dube ni ya ce in ɗauko masa butarsa.

Na yi wa Nomau dawo cike da ƙwarya, na sayi kilishi, na cika gwangwani da man shanu, wani malamin unguwarmu kuma ya yi masa rubutu muka zuba a kwalba. Daga Zurmi zuwa Ƙaura, daga Ƙaura zuwa Gusau, duk a sabon tsari muka yi tafiya, maza a gaba mata a baya. Wasu na gunaguni, ni kuwa daɗi na ji, na miƙe ƙafafuna son raina. Sai dai duk abin da nake so wurin Malam sai an bi da shi hannu-hannu. Na aika a karɓo mini goro, kafin ya iso gare ni ya bi ta hannun wata tsohuwa ya zama rabi.

A Gusau muka shiga doguwar mota mai zuwa kudu. Direban ya sa kaset na wa'azi, ya gyara hula, kai ka ce limami ne. Muna wuce Tsafe muka tsallaka iyakar jiha, ko waiwaye bai yi ba ya zare kaset ɗin ya sa na kalangu. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da ke kusa da ni ta ce, "Direba, wa'azin ya ƙare ne?" Ya ce, "Hajiya, an bar shi can gida yana jiranmu, in mun dawo mu ci gaba." Har Malam sai da ya yi murmushi, na hango shi ta madubi.

Hanyar Birnin Gwari ita ce ta yi mini ɓarna. Zafin inji ya narkar da man shanun, ramukan hanya suka buɗe murfin, ya bi ƙasan kujeru ya gangara gaba har ya samu gindin babbar rigar Malam. Daga nan har ƙarshen tafiyar duk inda ya zauna sai ƙudaje su yi masa rakiya. Goro kuwa ya daina aiko mini da shi.

A Jaba muka hau gadar Kwara. Na rufe ido ina salati, Hajiya mai atamfa tana yi mini dariya. Da muka sauka ƙetare sai mata suka yanyame motar da burodi da soyayyen kifi, suna magana da ƙarfi har na zaci faɗa ya ɓarke, ashe ciniki ne da gaisuwa. Ban taɓa ganin Yarbawa da yawa haka wuri ɗaya ba. Kowa ya san abin da ke tsakaninmu da su tun kakanni, wasa ne. Bagobiri ba ya ganin Bayarabe ya ƙyale shi, sai ya kira shi bawansa, shi ma ya rama, a yi dariya a rabu. Da a gida ne da na ƙoshi da tsokana ranar nan, amma zuciyata ba ta wurin wasa.

Mun sauka a Sabo, unguwar Hausawa ta garin da asibitin yake, gidan wani fatoma da 'yan shanu ke sauka wurinsa. Matarsa ta kawo mini tuwo baƙi ƙirin mai santsi, ta ce amala ake ce masa. Na daɗe ina kallonsa, shi ma yana kallona. Miyar kuwa da na ɗanɗana sai na ce, "Haba, ai wannan lalo ce!" Ita ce dai tamu, sai dai sun zuba mata barkono kamar da gayya. Na ci ina hawaye, matar gidan tana ba ni haƙuri, ta zaci tunanin ɗan'uwana ne. Abin da ya burge ni da mutanen can shi ne gaisuwa. Ƙato da gemunsa zai kwanta rub da ciki a gaban tsoho, ko da ƙasa a jiƙe take. Abin da bai burge ni ba shi ne mace ta ɗare bayan ɗan kabu-kabu ta riƙe masa ƙugu, a lokacin da mu a gida aka hana ma hawan. Na ce wa Malam ko da rarrafe ne a ƙasa zan je.

Da safe muka isa asibitin. Mai gadi ya zazzage kayana kaf. Ya ɗauke ludayi, ya ɗauke madubina, ya ɗauke allurar da ke maƙale a bakin mayafina. Ya ɗaga kwalbar rubutu ya girgiza kai, wai kwalba ba ta shiga. Na ce wa Malam ya gaya masa da Turanci magani ne. Mai gadin ya ce ko ruwan Zamzam ne sai dai a juye. Haka muka juye ayoyin Allah a leda muka ƙulle bakin.

Wani ma'aikaci saurayi, Sikiru, shi aka haɗa mu da shi. Siriri ne mai fara'a, da hularsu ta Yarbawa mai karyewa gefe guda. Amma da ya ji wurin wanda muka zo sai fara'ar ta ɗauke. Ya bi da mu ta gefen babban ɗakin maza, muka leƙa ta tsakanin ƙarafa. Jama'a, ban san akwai cunkoso irin wannan ba. An haɗa gadaje sun manne da juna, mutum biyu a gado, wasu a tabarma ƙarƙashin gadon, wasu a baranda. Wani na waƙa, wani na kuka, wani na ta kai da kawowa a ɗan wurin da bai fi shimfiɗar salla ba, in ya juya sai ya taka na kwance. Ma'aikatan da ke tsaron duk wannan taro ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Can ƙarshe akwai wani lungu mai ƙananan ɗakuna a jere, kowanne da ƙofar ƙarfe da 'yar kafa daidai fuska. Nan ake kulle wanda ya yi faɗa, shi kaɗai. Katifa a ƙasa ba zanen gado, bokitin roba, taga can sama inda hannu ba ya kaiwa. A wurinmu in mutum ya taɓu ya fara duka, marin ƙarfe ake sa masa a ƙafa ko turu, a ajiye shi gindin bishiya a gidan malam. Ban ce abin kirki ba ne, na ga ƙafar da mari ya cinye. Amma yana ganin kaji, yana jin kiran salla, masu wucewa suna ce masa sannu. Nan babu sarƙa ko ɗaya, ɗakin a share yake, sai dai babu mutum.

Na sa fuskata a kafar. Yana zaune ya ba ƙofa baya, ya rame har ina ƙirga ƙasusuwan bayansa. Na kira sunansa, bai motsa ba. Na sake kira, na ce, "Nomau, ni ce, Rabi." Sai ya juyo a hankali.

"Yaya? Ke ta da kanki?"

Ya dafa bango ya taso. Ta kafar nan idanunsa kawai nake gani da tsagen kumatunsa, irin nawa. Na ce masa me ya yi wa mutane.

"Can kasuwa an ce na bugi mutane, wanga ban sani ba, ban cikin hankalina. Amma nan, Yaya, wallahi ban bugi kowa ba. Na warke tun tuni. Dut sadda sunka buɗe ni, kahin in zamna sun sake ruhe ni. Ba mai jin maganata, ni ko ban jin tasu. Ni ban san laihin da niy yi ba."

Ban gama miƙa masa dawo ba Sikiru ya ce lokaci ya yi.

Likitan mutum ne mai sanyin magana, idanunsa duk gajiya. Malam na fassara mini. Ya ce maganin ya karɓi Nomau da farko, har sun yi murna. Sai kwatsam ya fara afka wa ma'aikata, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yanzu kuma ya daina magana, abinci ma sai an matsa. Ɗakunan kullen kaɗan ne, masu bukatarsu da yawa, ba zai iya riƙe mutum ɗaya a ciki har abada ba. In mako ya ƙare ba sauyi, zai gaya wa kotu a mayar da shi gidan yari. Na ce ƙanena ya rantse bai bugi kowa ba. Ya ce duk haka suke cewa, kuma bai faɗa da wulaƙanci ba.

Na fito na zauna a benci a baranda, na yaye mayafi daga fuskata ina kuka, kukan haushi. Malam ya tafi neman ruwan alwala. Sai na ji an tsaya a kaina, aka ce da Hausa tsantsa, irin ta mutanen Ƙaura:

"Ke Bagobira, wa yab ba ki izinin zamna bisa bencin iyayen gidanki?"

Na ɗaga kai. Wata dattijuwa ce ƙaƙƙarfa cikin fararen kayan asibiti, da tsagen Yarbawa a kumatu. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Yau na ga ikon Allah, baiwa ta samu farin kaya ta manta da uwar ɗakinta!" Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta zauna ta rungume ni. Ita ce babbar nas ta ɓangaren mata, kowa Mama yake ce mata. A Sabon Garin Ƙaura aka haife ta, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sai da ta isa aure suka koma gida. Ta ce rabon da ta samu Bagobirin da za ta zaga har ta manta.

Na ba ta labari. Ta sa aka kira Sikiru, ta ce ya faɗi yadda Nomau ya afka masa, tana mayar mini da Hausa. Ya ce wata safiya yana rabon magani, sai mutumin ya tsura masa ido, ya taso, ya fizge masa hula ya ɗora a kansa, yana dariya, yana nuna shi da yatsa yana maimaita wata kalma. Duk ranar da aka fito da shi kuma, hular yake nufa.

Mama ta ce, "Wace kalma?"

Sikiru ya yi tunani. Ya ce, "Bawa. Bawana."

Ni da Mama muka dubi juna. Ita ta fara dafe kai. Ni kuwa ban san ko dariya zan yi ko ihu ba. Watanni ƙanena yana cikin ɗakin nan saboda wasan da ko yaron goye ya sani a garinmu.

Mama ta ja mu har gaban likita. Ta daɗe tana yi masa bayani da Yarbanci, yana saurare. Shi ɗan can kudu ne sosai, bai taɓa jin wannan al'ada ba, Sikiru ma haka. Da ta gama bai yi dariya ba. Ya ce ranar farko da aka fizge hular, Sikiru ya yi ƙara, ɗakin gaba ɗaya ya hargitse, aka ture wani tsoho ya faɗo daga gado ya karye a hannu. Ya ce a ɗaki mai cunkoso irin wannan ba shi da sararin bambance wasa da faɗa, duk wanda ya miƙa hannu ga ma'aikaci dole a raba shi da jama'a. Na so in yi musu, amma na ga ɗakin da idona, gaskiyarsa ce. Duk da haka ya ce a fito da Nomau, yana so ya ji daga bakinsa.

Aka zo da shi tsakanin ƙarti biyu, yana ƙifta ido saboda haske. Ga Sikiru kuwa tsaye gefe da hularsa a kai. Nomau ya dube shi, ya dubi hular, ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe. Ya durƙusa ya gaida likita. Likita ya ce Mama ta tambaye shi me ya sa yake ɗaukar hular ma'aikaci.

Nomau ya dubi Mama, kamar yana mamakin wai wannan ce tambayar. Sannan ya ce:

"Hwaɗa mai, sadda ciwon nan yak kama ni, ban san mutum ba ban san aljani ba. Kowa na gani dodo na. Ran nan da sahe na buɗe ido, na ga yaron ga, na ga tsagenai, na ga hula tai, na ce a raina, wanga ai Bayarabe na. Nan niy gane hankalina ya komo. Murna ce tas sa ni. Ba ni da kowa garin ga, sai ga abokin wasana. Da sunka ruhe ni na zaci bai gane ba, shi as sa in an buɗe ni nika sakewa, don shi san ba hwaɗa ba ne."

Mama ta fara fassarawa, a tsakiya sai da ta tsaya ta share ido. Ni kuwa ranar nan na ji kaina ya yi girma. Ga mutum ya fito daga ɗakin da ko akuya aka sa sai ta haukace, amma ya tsaya gaban likita ya yi magana tsaf, bai zagi kowa ba, bai roƙi kowa ba. Na ce a raina wannan ɗan babanmu ne.

Likita ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Mama ta juya kan Nomau ta wanke shi tas, ta ce wasa ma yana da wuri, ga shi ya jawo wa tsoho karaya. Ya sunkuyar da kai ya ce a kai shi ya ba tsohon haƙuri. Sikiru dai yana tsaye duk kunya ta rufe shi. Ya raɗa wa Mama wai me ake mayarwa in an ce maka haka. Ta ce ya ce, kai ne bawa. Ya gyara tsayuwa, ya nuna Nomau da yatsa, ya ce da ƙarfi, "Kai, ni bawa!"

Nomau ya ɗago. Ya ce, "Yaya, kin dai ji. Ya amsa da bakinai."

Har ƙartin nan biyu da ba su san abin da ake ciki ba sai da suka yi dariya.

Ba a sallame shi ranar ba. An mayar da shi babban ɗaki, likita ya ce sai ya ga zamansa cikin mutane. Muka yi 'yan makonni a Sabo, kullum ina zuwa da abinci, har na iya tuƙa amala, ko da yake ban ce na so shi ba. Mama kuwa ta mayar da lungun nan hanyarta, kullum sai ta bi ɗakunan kulle ɗaya bayan ɗaya ta sa fuska a kafa ta yi magana da na ciki, da duk yaren da ta iya. Da likita ya gamsu ya yi magana da kotu, aka ba mu shi da magunguna da sharaɗin a riƙa kai shi asibiti ana dubawa.

A hanyar dawowa Nomau bai cika magana ba. Mutumin da a da in yana mota ba mai barci, yanzu sai ya zauna hannuwa a cinya, in an yi ƙara ya zabura. Abin ya dame ni.

Da la'asar muka sauka tashar Ƙaura. Muna jiran motar Shinkafi mu kai Nomau gida, sai wani tsohon Bayarabe mai gyaran rediyo a bakin tasha, wanda ya fi ni daɗewa a ƙasar nan, ya hango Nomau. Ya taso da gudu-gudunsa, ya zo ta baya ya fizge hular Nomau ya ɗaga sama.

"Bawana! Ina ka gudu ka ɓuya shekara guda, ba ka zo ka yi mini shara ba?"

Nomau ya sandare. Ya kai hannuwansa baya ya riƙe gam, yana waige-waige kamar mai jiran a zo a kama shi. Tsohon ya tsaya da hula a hannu, dariyar ta mutu a fuskarsa. Nomau ya juyo ya dube ni.

Na ce, "Nan gida na, Nomau. Rama."

Ya dubi tsohon. Sannan ya saki hannuwansa, ya miƙa ɗaya a hankali ya cire hular tsohon, ya kifa a kansa, ta karye gefe guda. Ya ce, "Tsoho, ɗauko kayan uwar ɗakinka ka kai mota."

Tsohon ya sunkuya ya ɗauki akwatina ya ɗora a ka, yana tafe yana zaginmu, mu da kakanninmu, har bakin mota.